Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daga Ɗakin Labarai Zuwa Aji

A makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin ɗauko rahoto, na karɓi koyarwa a wata makarantar horar da 'yan jarida a nan birnin Kano. Darasin da aka fara damƙa mini shi ne na ɗa'ar aikin jarida, wanda ake yi wa kallon mai sauƙi saboda kundinsa ba shi da tsawo. Kundin shi ne wanda ƙungiyoyin 'yan jarida da editoci da masu gidajen jaridu suka amince da shi a Ilorin a 1998, sashe 15 ne kacal, kuma ɗalibi mai ƙwazo zai haddace su kafin jarrabawa.

Sashen tantance labari bai ba mu wahala a baki ba, domin kafin in kai ƙarshen ayar nan ta Suratul Hujurat da ta umarci a yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari, ajin ya riga ni ƙarasawa. Sai dai yaran nan sun tashi ne suna sauraron sojojin baka a shirye-shiryen siyasa na rediyo, inda ake ambaton sunan mutum a ɗora masa zargi ba tare da an ji ta bakinsa ba, har kunnensu ya saba. Saboda haka na kafa doka cewa duk rahoton da ya zargi wani, ba zan duba shi ba sai marubucin ya nuna mini yadda ya nemi ɗaya ɓangaren.

Inda aka ja daga shi ne sashen da ya haramta karɓar kyauta don a buga labari ko a danne shi. Wani ɗalibi ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Malam, idan gidan da nake yi wa aiki ya yi watanni bai biya ni ba, aka miƙo mini kuɗin mota bayan taron manema labarai, sai in ƙi karɓa in tako daga Nasarawa zuwa Kurna?" Ban yi masa faɗa ba, domin tambayarsa gaskiya ce, kuma na san abokan aiki masu iyali da take ci wa tuwo a ƙwarya. Na ce masa mai miƙa ambulan ba labarin ranar yake saye ba, shirun da za ka yi ne ranar da aka kama shi da laifi, tun da idan baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Na kuma gaya wa ajin ƙarara cewa mai gidan jaridar da ya amince da wannan kundi, sannan ya tura yaro aiki da katin shaida kawai babu albashi, yana da kaso babba a cikin laifin.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo labarin zuwanmu kotu da ɗalibai, da sashen da ya hana bayyana sunan yaron da bai kai shekara 16 ba a rahoton aikata laifi.