Wata shida ina bin Benny Goodman da kilarinet ɗin gwanjo

Kilarinet ɗin gwanjo na saya, wato abin busa na Turawa mai kama da algaita, na kuma sa faifai ɗaya tak a gaba: wasan da Benny Goodman, gwanin busa kilarinet ɗan Amurka, ya yi da ƙungiyarsa a zauren Carnegie Hall da ke New York ranar 16 ga Janairu, 1938. Sai a 1950 kamfanin Columbia ya fitar da shi kasuwa. Har tafin 'yan kallo da ƙasƙas ɗin tsohon faifai kana ji a ciki.

Makon farko babu abin da ke fita sai tsuwa, kamar ɗan tsakon da shaho ya sura. Maƙwabcina, wani dattijo, ya leƙo ta katanga ya ce, "Ɗana, algaitar nan taka ba ta da lafiya ne?" Ashe laifin ɗan fallen karan da ake ɗaurawa a bakinta ne. Mai lamba 3 na sa, ya yi wa leɓena tauri, ga shi ba na jiƙa shi kafin in busa. Na koma lamba 2, ina tsotsarsa ya ɗan yi laushi tukuna, sai murya ta fito.

Daga nan zumuɗi ya ɗebe ni. Na nufi kiɗan "Sing, Sing, Sing" na cikin faifan kai tsaye, inda Gene Krupa ke dukan ganguna kamar zai fasa su, ina son yatsuna su kamo na Goodman. Wata biyu na ɓata a haka. Ina isa wurin da za a tsallaka daga ƙananan sautuka zuwa na sama sai yatsu su harɗe, numfashi ya ƙare.

Abin da ya cece ni "Roll 'Em" ne, wani kiɗa mai salon da ake kira bugi-wugi, wanda Mary Lou Williams ta rubuta wa Goodman a 1937. Ba ya cikin wancan faifan, amma bugunsa a fili yake, yana maimaituwa kamar sakan ɗaka. Na ajiye kilarinet kwana goma, ina buga ƙafa kawai ina ƙirge.

Da na dawo kan faifan, kunnena ya canza. Can kusa da ƙarshen "Sing, Sing, Sing", bayan duk hayaniyar, Jess Stacy yana taɓa piyano a hankali na kusan minti biyu. A da tsallake wurin nake yi. Yanzu da shi nake fara atisaye bayan la'asar, sauti huɗu ko biyar, in tsaya in numfasa. Dattijon ya daina leƙowa, sai dai jiya na ji yana kaɗa sandarsa a jikin katanga.