Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gyaran filin unguwa da wasannin hutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin kula da filin wasa da wurin shan iska na unguwarmu a nan Sakkwato yana miƙa godiya ga iyayenmu da 'yan'uwa da abokan arziki, bisa aikin gayyar da aka faro tun saukar damina da kuma wasannin hutun yara da aka rufe ranar Juma'ar da ta wuce. Alhamdu lillahi, an fara lafiya an tashi lafiya. Ba za mu jera sunaye ba, don da yawa sun roƙa kada a ambace su, kuma in aka fara lissafi sai an tsallake wani. Za mu dai faɗi abin da kowane rukuni ya yi da yadda aka yi shi, tunda maƙwabtan unguwanni sun aiko suna tambaya.

Godiya ta farko ga Mai Unguwa da dattawa, Allah shi ja kwana. Kafin a ɗaga shebur ko ɗaya su suka zagaya da mu aka tabbatar da iyakar filin, aka sake kafa duwatsun awo a kusurwoyi huɗu, aka ajiye kwafin takarda a hannun mutum uku. Masu son yin irin wannan aiki su fara da nan. Filin da ba a san iyakarsa ba, yau a jibge bulo a gefensa, gobe a kafa rumfa, jibi a wayi gari an haƙa harsashi. Muna kuma godiya ga limamai da suka yi sanarwa bayan salla, har aka samu hannuwan da suka isa.

Magina su suka raba mu da matsalar da ta fi daɗewa, wato kwanciyar ruwa. Daminar Sakkwato gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta kan zubo da yawa a lokaci guda, kuma ƙafa ta riga ta daddaɓe ƙasar filin har ba ta shanyewa. Da tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda suke daidaita gini da shi, suka auna suka gano inda ya lotsa. Aka cike da ƙasa mai yashi-yashi, aka bar tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, gangaren santimita 1 a kowace mita, yadda ruwa zai silale ba tare da ya kwashe ƙasa ba. An kawo shawarar a zuba burji, magina suka hana, kuma gaskiyarsu ce: burji na hanyar mota ne, yaro ya faɗi a kansa sai ya saɓule gwiwa. Kuskuren da aka yi shi ne magudanar farko, an haƙa ta ba zurfi kuma bakinta ya fi kwalbatin titi ƙasa, ruwa ya riƙa dawowa baya. Sai da aka sake ta, aka sa ragar ƙarfe a baki don tare leda. Duk ruwan da ya kwana bakwai zuwa goma a wuri ɗaya gidan sauro ne, don haka ana duba ragar bayan kowane ruwa, ba sai ranar shara ba.

Masu tifa da suka kawo yashi daga gulbi a kuɗin mai kawai, da wanda ya ba da simintin Kalambaina, Allah shi saka da alheri.

Ga masu walda kuwa, yabon gwani ya zama dole. Tsofaffin sandunan ragar ƙwallo a ido lafiya suke, ashe sun ruɓe daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙasa. Nan tsatsa ta fi ci, saboda ruwa yana shiga ta saman fayif ya taru a gindi. Raga irin wannan ita ce ke faɗo wa yaron da ya yi lilo a sandar sama. Sababbin an yi su da fayif mai inci 3, an toshe samansu, an huda ƙaramar kafa kusa da gindi don ruwa ya fita. Ramin kowace sanda zurfin santimita 60, kwaɓin kuma buhun siminti ɗaya, kwanon yashi huɗu, na tsakuwa takwas, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai kafin a bar kowa ya taɓa. Ragar manya faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, irin wadda ake gani a filin wasa na Giginya. Mu ta yara muka yi, mita 5 da mita 2, don in aka tsayar da ɗan shekara goma a ragar manya ba tsaron gida yake koya ba, kwasar ƙwallo yake.

Su dai masu waldar suka gyara lilo. Abin da ke kashe lilo ba kujera ba ce, ƙugiyar sama ce da sarƙa ke gogawa a kai. In zoben sarƙa ya cinye kamar kashi ɗaya cikin uku, a canza, kada a yi masa faci da waya. Bakin ƙugiya a matse shi ruf, a shafa giris duk wata. Ƙarƙashin lilon an zuba yashi mai laushi zurfin santimita 30, gaba da baya kuma an bar fili ninki biyu na tsayin sandar sama. Yashin yana gudu daga inda yara ke ja da ƙafa, sai rami ya fito har kan simintin ya bayyana, shi ya sa ake mayar da shi da manjagara kowane mako. Ƙarfen da yara ke sulalowa a kai an ciro shi daga tsakiyar rana an kai shi inuwa. Wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a ƙarfe da azahar ɗin Afrilu a garin nan ba ya buƙatar bayani. Masu fenti sun kankare tsatsa, sun fara da jan fenti na ƙasa kafin na mai. Tsohon fenti kuwa a jiƙe aka goge shi kuma aka kori yara daga wurin, don wani tsohon fentin yana da gubar dalma.

Matasa, ku kuka sha rana. Tsidau da ƙarangiya ba a share su, tumɓuke su ake yi tun suna kore kafin su yi 'ya'ya. Wanda ya bari sai Oktoba, ƙaya ta riga ta zube, baɗi ma da aiki. Sau uku kuka bi filin a jere kafaɗa da kafaɗa kuna tsince kwalba da ƙusa da gwangwani. Kun shata fili mita 60 da 40, kun fitar da kusurwa da igiya mai mita 12 da aka raba da ƙulli gida uku, mai mita 3 da mai 4 da mai 5, kun ja layi da toka da aka tankaɗe. Toka ba ta daɗewa, ruwa ɗaya ya wanke ta, amma ba ta ƙona fata ko ido kamar ɗanyen farar ƙasa, kuma kyauta ce daga madafin iyayenmu mata.

Batun itatuwa shi ne wanda muke so a karanta a natse. An dasa 40 a tsakiyar Yuli bayan ƙasa ta sha ruwa, mafi yawa dogon yaro, sai tsamiya da gawo da madaci kaɗan. Dogon yaro don saurin inuwa da jure fari, shi ya sa ya cika titunan garin nan. Gawo a gefen yamma, tunda shi da rani yake ganye, daidai lokacin da ake neman inuwa, da damina ya kakkaɓe. Madaci an sa shi kusa da ɗakin mai gadi da gangan, don masu neman magani kan saɓe ɓawonsa, in kuwa aka zagaye gindin da sara ya mutu ke nan. Mangwaro ba mu dasa ba. Ruwa yake so da yawa, kuma ranar da ya fara 'ya'ya ranar jifa ta fara, ga gilashin sola a kusa.

Ramin kowane dashe santimita 60 faɗi da zurfi, ƙasar sama kashi biyu a gauraya da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Tsakanin dogon yaro da ɗan'uwansa mita 8, tsakaninsa da katanga aƙalla mita 5, don saiwarsa tana ɗaga daɓe. Shida sun mutu, an kuma tone su an ga dalili. Biyu da ledarsu aka binne su, saiwa ta nannaɗe a ciki ta rasa hanya. Uku ɗanyen taki aka zuba musu, ya yi zafi ya kuma kira gara. Ɗaya akuya ce. An maye gurbinsu duka. Yanzu kowane dashe yana da kewayen bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, an kuma yi masa gurbi kamar kwano a gindi. Busasshiyar ciyawa da ake rufe gurbin da ita tana riƙe danshi, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen, in ba haka ba an shimfiɗa wa gara hanya. Mun gode wa ma'aikacin gandun daji da ya zo a ranar hutunsa ya nuna wannan, da manoman fadama da suka koya wa yara binne tulu: a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya kusa da dashe, a cika shi a rufe baki, ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa.

A yanzu sama ce ke yi mana ban ruwa, don haka kowane dashe yana sheƙi. Daga Oktoba za a san na gaske. Kowane itace yana buƙatar jarka ɗaya mai lita 25 duk bayan kwana uku, wato lita 1,000 a zagaye ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai an koma duk kwana biyu, da sassafe ko bayan la'asar. Shekara biyu ana haka kafin saiwa ta kai inda za ta ci da kanta. Saboda haka godiya ta musamman ga gidajen da suka karɓi itace ɗai-ɗai da sunan gidansu, da 'yan ga-ruwa da suka ce in famfo ya tsaya su za su cike gurbi. Wanda ya gyara solar rijiyar burtsatse ya bar mana wasiyya biyu: da hunturu a goge gilashin duk kwana biyu da tsumma mai laushi, da safe kafin ya yi zafi, don ƙura tana rage ƙarfin famfo sosai; kuma kada a bar famfon yana aiki in ruwa ya ja baya, nan take yake ƙonewa.

Wasannin hutu sun yi mako shida. Malaman Islamiyya da na allo mun gode, da shawararku aka sa manyan wasanni yammacin Alhamis da Juma'a, sauran ranaku kuma da hantsi, ba a ci lokacin karatun kowa ba. Na yamma ana farawa bayan la'asar, usur na ƙarshe kuma minti ashirin kafin magariba. An raba yara gida uku: ƙasa da shekara 10, 10 zuwa 13, sai 14 zuwa 17. Ƙanana da ƙwallo mai lamba 4, manya mai lamba 5. Rigimar da aka sha a makon farko ta ƙaryar shekaru ce, ta kuma mutu da aka ce kowa ya zo da takardar haihuwa ko katin sakamakon makaranta. Alƙalan wasa sun sha surutu daga bakin layi, daga manya ma ba yara ba, sun kuma yi haƙuri.

Ba ƙwallo kaɗai aka yi ba. An yi langa, an yi kokawa a da'irar yashi, kuma tsofaffin 'yan kokawa ne suka tsaya a kai suna haɗa yaro da sa'ansa a jiki. Iyayenmu mata sun riƙe ɓangaren 'yan mata da kansu, da carafke da tsallen igiya da gaɗa, ba don tsayuwarsu ba da gidaje da yawa ba su bar 'ya'yansu sun fito ba. Su ne kuma suka riƙa cika randuna biyu da ruwan sha. Dattawa suka haƙa gurabun dara talatin a gindin tsohuwar tsamiya, kuma zamansu a wurin ya yi abin da mai gadi uku ba za su yi ba.

Ma'aikatan lafiya biyu na unguwa sun zauna da akwatin taimakon gaggawa kowace rana. Dokokinsu za su ci gaba da aiki. Rauni a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ba a zuba ƙasa ko man birki. Wanda ƙusa ta soka a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus. Yaron da jiri ya kama a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, in yana iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti kai tsaye. Da an ji tsawa a tashi wasa, kada kowa ya fake a gindin itace ko kusa da raga, sai an yi minti talatin ba a sake ji ba. Masu ɗaga bulo kuma su fara tura shi da ƙafa mai takalmi, kunama tana son ƙarƙashinsa.

Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana manne a allon ƙofar filin, da rasit ɗin kowane abu a hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya rage bai kai na fitilu biyu da ake so a kusurwar gabas ba, inda duhu ke sa ana zubar da shara da dare. A daina ƙona leda a jikin katanga, hayaƙin ya riga ya babbake ganyen dashe biyu. Baro ɗaya da shebur uku da diga ba su dawo ba, wanda ya tafi da su bisa mantuwa ya miƙa wa mai gadi. Jadawalin ban ruwa zai fara aiki mako ɗaya bayan ruwan ƙarshe, kuma gidajen da suka karɓi itace za su haɗu da kwamiti ranar Asabar ta farkon Oktoba bayan la'asar, kowa ya zo da jarkarsa a rubuta mata lambar itacensa.

Allah shi saka wa kowa da alheri, shi raya mana zuri'a. Wassalam.