Yadda na koyi walda a Panteka ina zaune a ƙasa

Ni shan inna ce ta cinye min ƙafafu tun ban yi wayo ba, a Tudun Wada ta Kaduna aka haife ni nan na tashi, kuma yau walda nake yi, ina da shago da yara masu koyon aiki a ƙarƙashina alhamdulillahi. Mutane suna yawan tambayata wai ya akai gurgu ya iya walda, to bari in faɗi yadda abin ya kasance, ko wani mai irin lalurata ko iyayensa za su tsinci abin amfani.

Abin da ya kai ni Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, kekena ne. Keken guragu ne irin mai fedal a hannu, kullum cikin lalacewa, yau sarƙa ta zame gobe walda ta ɓalle, to akwai wani dattijo a Tsohuwar Panteka da nake kai ma gyara, tun ina zama ina jira har na fara miƙo mai guduma ina riƙe mai ƙarfe. Rannan na ce Baba ni fa ina son aikin nan. Ya daɗe yana kallona, ba ƙafar yake kallo ba hannuna yake kallo, sai ya ce gobe ka zo da babanka. Shikenan. Bai min wa'azi ba, bai tausaya min ba, kuma zagin da yake wa sauran yara in sun ɓata ƙarfe ni ma ina shan nawa daidai wa daida, wallahi har yau ina mai addu'a saboda wannan.

Matsalar farko teburin aiki. Komai na shagon walda an yi shi ne don mai tsayuwa, bais ɗin da ke damƙe ƙarfe in ana aiki yana sama, injin yankan ƙarfe yana sama, ni kuma ina ƙasa. Abin da muka yi shi ne muka samo tsohon rim na babbar mota muka cika shi da kankare muka dasa bais a kai, tsayinsa ya zo min daidai ƙirji in ina zaune, nauyinsa kuma ya hana shi motsi in ina bugu. Sai wajen zama. Mai tsayuwa takalminsa ne kawai ke taɓa ƙasa, ni rabin jikina ne, ga wayoyin injin walda shimfiɗe ko'ina, da damina kuma kun san Kaduna da ruwa, ƙasa jiƙe take wuni guda, in ba ka yi hankali ba wuta ta ja ka. Don haka katako na haɗa na bi shi da robar tsohuwar taya na sa mai ƙananan boris huɗu, a kai nake zama ina zagaya aiki. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, shan inna ƙarfin ƙafa take ɗaukewa ba ta ɗauke ji, tartsatsin walda in ya sauka min a cinya ina jin shi sarai, kuma ba zan iya zabura in matsa kamar kowa ba. Fata mai kauri na saya wajen dukawa nake rufe ƙafafuna da ita, har yanzu ba na kunna inji sai na shimfiɗa ta.

Shekarar 2015 da gwamnatin jiha ta hana bara a tituna na ga tashin hankali a wajen 'yan uwana, don da yawansu ba su san wata hanyar ci ba, wasu ma a kan titin aka haife su. Ni ba na zagin mai bara, na san abin da ya kai shi, amma na lura da abu ɗaya, kuɗin tausayi yana kashe kasuwa. Mutum zai zo shagona ya ga aikina, maimakon ya ba ni kwangilar get ɗin gidansa sai ya zaro ɗari biyar ya miƙo min yana Allah sarki, get ɗin kuma ya kai wa maƙwabcina. Sai na koma cewa Alhaji na gode Allah ya saka, amma riƙe kuɗinka ka ba ni taga ɗaya in yi ma, in ba ta yi ba kar ka biya. Wasu suna jin haushi, wasu suna bayarwa. Waɗanda suka bayar ɗin su ne kwastomomina na yau, su suka kawo min wasu. Kuma ba na rage farashi don ni gurgu ne, sandar walda kuɗinta ɗaya, man janareta kuɗinsa ɗaya, mai sayar da fayif bai taɓa min ragi don ya gan ni a keke ba.

Keken guragu kuwa shi ne aikin da na fi kowa iyawa a layinmu, ba yabon kai ba, dalili kawai ni a cikinsa nake rayuwa. Mai ƙafa in zai ƙera yana yin gwaji ɗaya ne wa kowa, ni sai na zaunar da mutum na auna daga kafaɗa zuwa tafin hannu, don in fedal ya yi nisa ko ya yi sama da yawa kafaɗa ce za ta biya, kuma mu kafaɗa ita ce ƙafarmu, in ta tafi an zauna kenan. Tayoyin baya ina buɗa su kaɗan saboda kar keken ya kife in an hau gefen kwalbati, amma ba sosai ba don ya iya shiga ƙofar zaure. Yaro mai tasowa kuma kujerarsa da noti nake ɗaure ta ba walda ba, in ya ƙara tsawo a matsar.

Duk lokacin gasar Paralympics ta masu nakasa sai ka ga an cika Facebook da hotunan 'yan wasanmu ana rubuta nakasa ba kasawa ba ce. Kuma sun cancanta, a Rio 2016 zinare 8 suka kawo, alhali masu lafiyar da suka je Olympics a garin tagulla ɗaya tak suka samo ta ƙwallon ƙafa. Lucy Ejike da ta ci zinare a ɗaga nauyi ita ma shan inna ce irin tawa. Amma abin da ke ba ni dariya wanda ya ɗora hoton shi ne zai gina shaguna da matakala biyar ba wajen hawan keke. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, aka ce kashi 5 cikin ɗari na aikin gwamnati namu ne, wa'adin ya wuce tuni, ku zagaya gari da kanku ku ƙirga. Ni akwai ofis ɗin da na je neman aikin ƙarfen tagogi sai da yarana biyu suka cicciɓe ni kamar buhun masara zuwa hawa na biyu, na isa gaban mai ba da aikin rigata duk ta tattare, ta ina zai ɗauke ni da daraja? Tun daga nan in wuri bene ne babban yarona nake turawa da awo, ni ina kan bidiyo kol ina cewa matsa tef ɗin hagu.

A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016, na yi murna ƙwarai duk da wani abokina yana tsokanata wai kasuwar kekena za ta mutu. Na ce ta mutu ɗin, ga get ga ƙofa ga tankin ruwa. Kuma ai mu da ta riga ta kama muna nan, kekunanmu suna tsufa, ga masu haɗarin babur da ake kawo min kullum. 'Ya'yana dai ba wanda ban kai rigakafi ba.

Yanzu iyaye suna kawo min yara masu lalura, guragu har da kurma ɗaya da yake koya min maganar hannu ina koya mai walda, shi ƙarar giranda, injin yankan ƙarfe, ma ba ta dame shi ba. Abin da nake gaya wa uba tun ranar farko, Malam ba na karɓar kuɗin koyo, amma kuɗin zuwa da komawa a wuyanka yake sai yaron ya fara samu. Don abin da na ga yana korar su ba wahalar aiki ba ce, mai Keke Napep ne da zai ga yaro da kekensa ya wuce ko ya ce sai an biya kuɗin mutum biyu, yaron da ke Rigasa in ya yi sati yana wannan fama sai ka daina ganin shi. Wanda gidansu ya yi nisa sosai kuma ina nema mai wani ogan a kusa da unguwarsu, in je da kaina in dasa mai bais ɗinsa a ƙasa.