Mako guda ina zargin Linux, ashe fanka ce ta shaƙe

Kwamfutata 'yar gwanjo ce. Ko a lokacin da na saye ta, shekara shida da suka wuce, ta riga ta sha duniya: ƙwaƙwalwarta Core i5 ce zubi na uku, irin na wajejen 2012, da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a kai, gigabayit 4, da faifan ajiya irin mai juyawa na gigabayit 500. Da ita nake buga tambayoyin jarabawa a makarantar da nake koyarwa, da ita nake haɗa sakamakon yara ƙarshen kowane zango. Batirinta ya mutu tun bara, saboda haka da an ɗauke wuta ita ma ta bi.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta. Windows 11 kuwa tana son wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa zubi na takwas zuwa sama. Tawa ko kusa. Ƙanena da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya daɗe yana yi mani wa'azin Linux, ni kuma ina ta ja masa rai. Sai da bazara ta kama na ce to, ya faɗi wadda zan sa. Ya ce, "Yaya, Mint za ka sa, mai Xfce, ita ce ba ta da nauyi."

Ga wanda bai sani ba, Linux babbar manhaja ce kamar Windows, sai dai kyauta ce kuma kowa na iya duba cikinta. Wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Ire-irenta suna da yawa, Mint ɗaya ce daga ciki, Xfce kuma ita ce fuskar da kake gani a allo. Mint an gina ta a kan Ubuntu, Ubuntu kuma a kan Debian, kuma Mint 22 za a ci gaba da kula da ita har 2029. Wannan ya ishe ni.

Fayil ɗin ya kusa gigabayit 3, don haka na jira datar dare. Sau biyu intanet na yankewa ina ci gaba daga inda ya tsaya. Da safe na zuba shi a filash da wata 'yar manhaja mai suna Rufus, na kwashe takarduna zuwa wani filash ɗin, na fara. An kai wajen rabi sai ga saƙo: Errno 5, wai an kasa karanta wani abu. Na sake, ta sake tsayawa a wuri guda. Na kira yaron da faɗa. Ya ce, "Ka duba lambar tantancewa?" Ban ma san da ita ba. Ashe a shafin da ake sauko da fayil ɗin akwai wata doguwar lamba, SHA256, wadda ake gwadawa da ta fayil ɗin da ke hannunka. A Windows za ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256. Tawa ba ta yi daidai ba. Fayil ɗin ya lalace tun a hanya, kuma na yi asarar dare guda saboda aikin minti biyu. Na sake saukowa, lamba ta yi daidai, cikin rabin awa komai ya shiga.

Sai waifai ya ce bai san zancen ba. Babu alamarsa ko kaɗan. Wannan kam na ɗan ji daɗin warware shi, don da kaina na yi. Umarnin lspci ya nuna katin waifai ɗin yana nan, direbansa ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, saboda na kamfanin da bai buɗe nasa ga kowa ba ne. Matsalar ita ce sai da intanet ake sauko da direban da zai ba ka intanet. Na jona wayata da kebul, na kunna rabon intanet ta USB, Mint ta gane ta nan take ba tare da na sa komai ba. Na shiga wurin sarrafa direbobi, ta nuna mani wanda ya dace, na sa. Na kashe na kunna, shiru. Abin da ya tare shi Secure Boot ne, wani mai gadi da ke hana a ɗora abin da ba a sa wa hannu ba. Ko dai ka yi wa direban rajista da kalmar sirri a wani shuɗin allo da ke fitowa lokacin tashi, ko ka shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar, ka kashe mai gadin. Ni na wuce shuɗin allon ban karanta ba, don haka na bi hanya ta biyu.

Daga nan ne ainihin wahalar ta fara.

Da safe kwamfuta lafiya lau. Daga azahar zuwa la'asar sai ta fara ja kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, ka danna abu ka jira, fanka na ta kuka, can sai ta ɗauke ɗif. Rana ta farko na ɗauka wuta aka ɗauke, tunda babu batir. Na ɗaga kai sai na ga fankar silin tana juyawa. Rana ta uku ta mutu ina tsakiyar tambayoyin aji biyu, da na kunna sai ta tsaya a wani baƙin allo mai rubutun initramfs, tana cewa in gyara faifai da hannu. Gabana ya faɗi. Na rubuta abin da ta ce, fsck /dev/sda2, na yi ta amsa y har ta gama, na rubuta exit, ta tashi. Ban rasa komai ba sai shafi ɗaya da ban adana ba. Amma raina ya gama ɓaci, kuma na riga na yanke hukunci: wannan Linux ɗin ce.

Na shiga neman magani a intanet, kowa da tasa. Wani ya ce in rage swappiness, saitin da ke ƙayyade yawan aron wuri da ram ke yi a faifai, daga 60 zuwa 10, na rage. Wani ya ce in canza kanel, wato zuciyar manhajar, na canza. Har sake zuba Mint na yi daga farko. Duk na yi su ne ba tare da na san mece ce cutar ba, kamar mai ciwon kai da ke shan duk abin da aka miƙo masa a majalisa. Uwargida ta gaji da ganina, ta ce, "Malam, ka mayar da ta da mana ka huta."

Ranar Juma'a ƙanena ya shigo gari daga Dundaye. Bai taɓa wani saiti ba. Ya rubuta journalctl -b -1, wanda ke nuna tarihin abin da ya faru a kunnawar da ta gabata, ya gangara ƙarshe. Babu wani kuskure, rubutun ya yanke kawai. Ya ce in manhaja ce ta faɗi, yawanci takan bar wani ƙorafi kafin ta tafi. Wannan kamar an zare mata wuta ne. Sai ya rubuta watch -n 2 sensors, wanda ke nuna zafin ƙwaƙwalwa duk bayan daƙiƙa biyu. Ba a aikin komai tana digiri 70. Ya buɗe Firefox ya kunna bidiyo, lamba ta fara hawa, 85, 92, 98. A gefe an rubuta iyakarta: 105. Ya sa hannu a bakin ramin da iska ke fita, ya ce in taɓa. Zafi kamar bakin murhu, amma iskar da ke fitowa ba ta kai ta busa kyandir ba.

A nan na fahimci abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don ta huce, shi ne jan da nake gani. In hakan bai isa ba ta kai iyaka, sai na'urar ta kashe kanta kada ta ƙone. Da safe ɗaki na da sanyi, tana iya jurewa. Da rana kuwa, a Afrilun Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, ƙarƙashin kwano, ga ni na ɗora ta a kan katifa na toshe ramukan ƙasanta, ina za ta? Kuma da na yi wa kaina adalci na tuna cewa bazarar bara ma ta mutu sau biyu ko uku a kan Windows, na ɗora wa masu wuta.

Washegari muka kai ta wurin wani mai gyara a titin Emir Yahaya. Yana kwance sukurori yana tambaya, "Malam, yaushe rabon da a buɗe wagga?" Na ce tun da na saye ta. Ya ciro fanka, ya sa tsinke tsakaninta da ƙarfen da ke fitar da zafi, ya zaro wani abu mai kauri kamar gutsuren tsohon bargo. Ƙurar hunturu shida ce ta haɗu da gashi da zare ta saƙe. Ya ɗaga mani ya ce, "Ƙura ta, Malam. Mi kaka so ta yi, ba ta numfashi?" Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen shi ma ya bushe ya zama ƙanzo. Ya kankare, ya goge da sifirit, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero biyu, ya mayar. A gabansa muka sake gwadawa: 48 in tana zaune, bidiyo kuma bai kai ta 75 ba.

Tunda an riga an buɗe, na ƙara ram gigabayit 4. Dama free -h ya nuna mani cewa shafuka shida a Firefox sun isa su cinye wanda nake da shi, daga nan ta koma aro a faifai, shi kuwa mai juyawa ba ya sauri. SSD ce ta rage, wato faifai mai sauri marar juyawa, sai an yi albashi. Swappiness na mayar da shi 60 yadda na same shi.

Abu ɗaya da ban zata ba: a jerin allunan rubutu akwai na Hausa, na Nijeriya, don haka ƙ da ɗ da ɓ sun daina zama aikin kwafa da liƙawa. Na ɗan sha wuya kafin yatsuna su saba, amma tambayoyin Hausa na wannan zangon da ƙugiyoyinsu suka fita.

Yanzu a kan tebur take zama, na sa mata marafan kwalba huɗu a ƙasa don iska ta samu hanya, kuma in rana ta take nakan leƙa sensors kafin in fara dogon aiki. Batir ne har yau ban saya ba. Jiya ma an ɗauke wuta ina tsakiyar sakamakon aji uku, sai dai na riga na sa LibreOffice, manhajar da nake rubutu da ita, ya riƙa ajiye bayanan ceto duk minti uku. Layi biyu kawai na sake bugawa.