Jitar da na saya ina ɗan shekara 43

Ranar da na shigo gida da jita rataye a kafaɗa, uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban Ummi, roƙo kuma za a koma?" Ban tanka mata ba. Malamin lissafi ne ni a makarantar sakandare, kuma kaf zuriyarmu babu wanda ya gaji kiɗa. Sha'awa ce kawai da ta daɗe tana cina tun ina saurayi, na ga furfura ta fara leƙowa, na ce bari dai in kashe ƙwarƙwatar zuciyata.

Ta hannu na saya a Sabon Gari, kuma tun a nan na tafka kuskure. Ban san ana duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jita ba. Tawa tsirkiyoyin ƙarfe ne da ita, sun yi sama sosai, sai ka danna da ƙarfin tsiya kafin sauti ya fito. Cikin kwana uku kan yatsuna na hagu ya yi jawur, maɓallin riga ma da ƙyar nake sakawa. Sai da na sha wata biyu a haka kafin wani mai gyara ya goge ɗan farin abin da tsirkiyoyin ke hawa a kai, suka sauko. Da na sani da mai tsirkiyoyin roba na fara da ita. Zafin yatsu dai yana wucewa, wajen mako uku kanta ke fitowa, amma idan ka ajiye jitar na kwana goma sai ka sake sabon lale.

A YouTube na koyi kamun yatsu guda huɗu da kowa ke farawa da su: G da C da D da Em. Kama kowane ɗaya ba wuya, tashi daga wannan zuwa wancan ne aiki. Na lura minti 15 kullum bayan isha'i ya fi mini awa biyu ranar Asabar. Da hunturu ya shigo kuma katakon ya bushe, saiti ya riƙa gocewa, kullum sai na ɗaure tsirkiya da manhajar waya kafin in fara.

Duk wannan wasa ne a kan haɗa waƙa da kiɗa. Hannuna na tafiya lafiya, da na buɗe baki sai ya tsaya cak, kamar jakin da ya hango rafi. Abin da ya fisshe ni shi ne rage gudu har abin ya zama abin dariya. Na sa manhajar ƙidaya a bugu 60 cikin minti ɗaya, ina kaɗawa ƙasa sau ɗaya a kowane bugu, ina gunguni da baki a rufe. Daga nan na koma kiɗa ina sauraron labarai a rediyo, sannan ina kiɗa ina amsa tambayoyin yara. Ranar da na iya yi wa Ummi bayanin aikin gidanta hannuna bai tsaya ba, ranar waƙa ta fara zama.

Amma waƙar Turanci ce ta zauna, ta Hausa ta ƙi. Idan na ɗora baiti a kan G da C da D sai in ji kalmomin suna karkacewa. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da dogon wasali da gajere, kuma ba ta yarda a taɓa mata su. Ka ja wasalin farko na "gari" don ya cika bugu, garin da mutane ke zaune ya koma garin tuwo. Na yi ta fama har na fara zargin muryata.

Maigadin layinmu ne ya warware mini, wani Buzu daga wajajen Agadas. Wani dare yana dafa shayi ya jiyo ni, ya ce, "Malam, kawo ta nan." Bai kaɗa tsirkiya shidan gaba ɗaya ba ko sau ɗaya. Babban yatsansa na dukan mai kauri guda ɗaya ba fashi, manuniya na tsinto sauti daga sirarran, sauti biyar kacal yana ta juya su. Ya kusa minti goma bai bar kamu ɗaya ba, ban kuma gaji da ji ba. Da ya miƙo mini sai ya ce, "Kai kana sa waƙa ta bi jita. Bari jita ta bi bakinka."

A hanyar komawa gida na tuna da masu gurmi da garaya da na taso ina ji a bukukuwa, ashe haka suke yi. Marigayi Ɗanmaraya Jos ma tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ga ni da shida ina kukan ba su ishe ni ba. Tun daga lokacin nakan fara rera baitin da baki zalla, in nemo sautinsa a tsirkiya ɗaya, sannan in sa babban yatsa ya riƙe mini ƙasa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Kamun F har yau yana yi mini gardama, rabin tsirkiyoyin a dishe suke fitowa. Mai tambayar roƙo kuwa, na sha kama ta tana yi mini amshi daga kicin, da na waiwayo sai ta ɗauke kai. Mahaifiyata Hajiya ce kawai ba ta sani ba. Duk ranar da za ta zo, jitar a bayan kwaba take kwana.