Irin Faransa da ranar Tawa

Shekaranjiya saƙon ɗana ya iso daga Liyon: ƙananan ambulan shida, na irin salati, karoti, shu, tumatir, da furanni kala biyu. A bayan kowace an rubuta da Faransanci cewa a shuka daga Maris zuwa Mayu. Na yi dariya ni kaɗai, na zuba su cikin gwangwanin madara, na rufe, na kai ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Sai Oktoba.

Ba haka na yi ba shekara uku da suka wuce, lokacin da na aje alli na bar lakkol. Wanda ya yi shekara talatin yana cewa yara su bi abin da ke rubuce, shi ma sai ya bi. Ranar 10 ga Afrilu na yi fangali huɗu a bayan gida, na watsa salati da karoti, ina ban ruwa safe da yamma da arozuwar. Ruwan ma kafin in juya baya ya ƙafe. Wani dattijo maƙwabcina da muke kira Baba, wanda tun yana saurayi yake aikin garka a kwarin Tadis, ya leƙo ta kan katanga ya daɗe yana kallona.

"Mushe, mi kaka shibkawa cikin wagga rana?"

Na miƙa masa ambulan, na fassara masa. Ya juya ta, ya maido mini, ya ce: "Wanda ya rubuta wanga bai taɓa kwana Tawa ba."

Gaskiyarsa. Su can, Maris ne ƙasa ke farfaɗowa daga sanyi. Mu nan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kuma irin salati idan ƙasa ta ɗumama sosai barci yake yi, ba ya tsirowa. Ƴan ƙwayoyin da suka fito ƙarƙashin inuwar bedi tsayi suka yi, suka fid da kai, ganyen ɗaci kamar maɗaci. Tumatir ya yi fure, furen ya zube. Kuɗin ruwa na watan nan har yau uwargida tana tuna mini da shi in gardama ta haɗa mu.

Tun daga nan na koma ɗalibin Baba. Ƙarshen Satumba, da ruwa ya ɗauke, nake juya ƙasa in zuba takin tumaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, ga shi yana gayyato gara. Fangalin kuma a nutse nake yin sa, mai baki kewaye, don ruwa ya zauna, ba tudu ba irin na hotunan da ɗana ke turo mini. A Oktoba nake renon salati da shu da tumatir a wuri guda, in rufe da ƴar ciyawa. Bayan mako uku zuwa huɗu in dasa, da la'asar, kada rana ta tarar da su ba su kama ba. Karoti ba ya son dashe, inda zai girma nan ake watsa shi, a gauraya da rairayi saboda ƙanƙantar irin. Albasa kuwa ban taɓa yarda a aiko mini daga waje ba. Mutumin jihar da Galmi, garin albasa, take cikinta ya nemi irin albasa a Turai? Abin kunya ne. Ita sai ta yi kamar kwana 45 a reno.

Wannan aikin ba sabo ba ne gare mu. Ina sabon mushen lakkol aka yi farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa kowa ya shiga noman rani, har ƴan lakkol muka yi wa garka. Abin da na manta shi ne lokacin: cikin ɗari muke yin sa.

Wajen furanni nan ne muka saɓa da Baba. A ganinsa abin da ba ya shiga tukunya ɓarnar ruwa ne. Ni kuwa ina da bugenbiliya a bakin ƙofa, da jerin lalle da ke tare iskar hunturu, wanda mata ke zuwa tsinka in sallah ta matso. Amma abin alfaharina kariya ce, da na samo reshenta a ƙauye kyauta. Cikin tsananin rani, ba ganye ko ɗaya, sai ta cika da jan fure. Ɗana ya ce ya gan ta a shagon furanni can, cikin ƴar tukunya, ana kiranta furen hamada, da kuɗin da ya fi jika goma. Ruwanta dai dafi ne, shi ya sa na kewaye ta da waya saboda jikoki da akuyar uwargida.

Yanzu salatin bana ya ƙare, albasa na jiran ganyenta ya kwanta in cire. Fangali biyu zan bari da alayyafo, ga zogale da ba ruwansa da zafi; kuɓewa da yakuwa sai ruwan farko ya sauka a Yuni. Da daddare na kira ɗana na yi masa godiya. Ya tambaye ni ko na shuka, na ce masa ya turo mini hoton nasa in ya tsiro, ni nawa sai Disamba.