Gasar ƙwallo a shagona da itatuwan da muka dasa a Tahoua

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da shagon wasan bidiyo a unguwarmu, PlayStation uku da telebijin uku. Da la'asar samari ke cika shi, wasu na buga ƙwallo a allo, wasu sun jingina da bango suna Free Fire a waya.

Wani ƙanena da ke jami'a ne ya fara kawo maganar wasan bidiyo da kare muhalli. Ya ce a 2019 manyan kamfanonin wasa, ciki har da Sony da Microsoft, suka haɗu da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa ƙawancen Playing for the Planet. Ya kuma ce hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta taɓa cusa tambayoyi kan sauyin yanayi cikin tallan wasannin waya, mutum miliyan 1.2 daga ƙasashe 50 suka amsa, kuma da sakamakon ya fito a 2021, kashi 64 cikin ɗari suka ce lamarin na gaggawa ne. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na kashe sauti, na tambayi yaran shagon ra'ayinsu.

Ban zaci bakinsu zai rabu haka ba. Masu Minecraft suka ce su tuni wasa ya koya musu: in ka sare itace ba ka dasa wani ba, wata rana sai ka yi tafiya mai nisa neman katako. 'Yan ƙwallo suka ce sun zo hutawa ne, wa'azi a bar shi a lakwal. Sai wani ɗan shekara goma sha shida ya nuna injin da ke ruri a ƙofa, ya ce: "Yaya, kullum aka ɗauke wuta kana ƙona mai don mu yi wasa. Hayaƙin nan fa?" Na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Daga ranar na fara tara kuɗin faifan hasken rana.

Muka shirya gasa ta zo daidai da 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai kuma ranar dashen itace. Kuɗin shiga shi ne dashe guda. Aka kawo dogon yaro da bagaruwa da magarya, talatin da biyu, muka jera su bakin filin ƙwallon unguwa. Aka ɗauki hoto, aka watsa a WhatsApp, kowa na murna.

Kuskurena daga nan ya faro. Na ɗauka an gama. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, awaki suka cinye na gefen hanya, kafin zafin Afrilu ya wuce saura tara. Na je wurin kawuna, wanda ya yi aikin gyaran ƙasa a Keita, inda aka fara babban aikin farfaɗo da fako a 1984. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce: "Ɗana, wa ka ba amanar kowane icce?" Ya nuna mini yadda ake haƙa rami mai siffar rabin wata don ya tare ruwa, a zuba taki, a kewaye da ƙaya. Ya tuna mini da layukan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don kare gonaki daga iska, ya ce sai da aka sa masu gadi saboda dabbobi kafin su kai girma.

A shekara ta biyu na sauya tsari, kuma daga wasan kansa na ɗauko dabarar. Ɗan wasa yana son maki, yana son ganin sunansa a sama. Na kafa allo a bango, kowane dashe da sunan mai shi. Wanda ya kai bido biyu na ruwa a mako yana da wasa ɗaya kyauta, wanda nasa ya mutu ya sauka ƙasan allo. 'Yan ƙwallon da suka ƙi wa'azi su suka fi kowa sammakon ban ruwa, har suna faɗa kan wa ya taka shingen wani.

Wasan kyautar yana rage mini ciniki, musamman a watannin zafi da mai ke cin riba. Yaron da ya yi mini maganar hayaƙi shi ke riƙe da allon yanzu, kuma duk ƙarshen wata sai ya tambaye ni nawa ya rage a kuɗin faifan.